Masu Hisabin Falaki, Daga Ziji Zuwa Manhajar Kwamfuta

A cikin ilmin falaki akwai sana'o'i biyu waɗanda jama'a suka saba haɗawa wuri guda, alhali kuwa kowace da mutanenta da kayan aikinta. Ta farko ita ce ta mai duba, wanda yake kwana a fili yana auna inda tauraro ya tsaya a daren nan. Ta biyu kuwa ta mai hisabi ce, wanda yake karɓar abin da mai duba ya rubuta, ya shiga ɗaki da alƙalaminsa, ya fitar da inda wata ko Mushtari ko Zuhalu zai kasance bayan shekara goma, ko inda ya kasance shekara dubu da ta shuɗe. Wannan ta biyun ita ce maƙasudinmu, domin ita ta haifi taskokin manhajar nan da ake rabawa kyauta a yau, waɗanda kowa yake iya buɗe mataninsu ya karanta, ya gyara, ya miƙa wa wani. Kuma duk wanda yake so ya gwama su don ya san wadda ta fi, lalle ne ya fara sanin wajen wa kowace ta yi karatu, in ba haka ba sai ya ƙidaya shaidu goma a inda shaida ɗaya ce tak aka maimaita sau goma.

Malaman Musulunci na dauri suna kiran littafin wannan sana'a ziji, watau kundin jadawali wanda aka gina bisa hisabin Baɗalimusa na Iskandariya da na malaman Hindu, aka kuma haɗa masa bayanin yadda ake aiki da shi daki-daki. Al-Hawarizmi ya wallafa nasa a Bagadaza a zamanin Halifa Ma'amun, al-Battani ya yi nasa a Raƙƙa kafin rasuwarsa a 929, Ibn Yunus ya yi na Alƙahira ya jingina shi ga sunan Halifa al-Hakim, sa'an nan wajen 1437 Ulugh Beg, wanda ya haɗa sarauta da malanta, ya kammala nasa a Samarƙandi tare da matsayin taurari 1,018. Ziji ba ya faɗa maka inda wata yake a daren da kake nema. Abin da yake ba ka shi ne matsakaicin tafiyarsa da adadin da za ka ƙara ko ka rage, ragowar aikin kuwa naka ne, kai da allonka. Saboda haka babu abin da ke ɓoye a cikinsa, duk wanda ya iya hisabi yana ganin hanyar daga farko har ƙarshe, in mawallafi ya yi kure ya kama shi. Illarsa tana wajen kwafa, domin da haruffan abajada ake rubuta lambobin, kuma harafin da ke nufin goma da wanda ke nufin hamsin ɗigo kaɗai ya raba su in an sadar da su da wani harafi, ga shi kuwa marubuta sun saba yin rowar ɗigo. Maganin da suka sani shi ne muƙabala: mutum biyu su zauna, ɗaya da asali ɗaya da kwafi, wannan na karantawa wancan na bi.

Da aikin ya koma hannun Turawa, injin ɗab'i kuma ya shigo, sai wata mas'ala ta taso wadda har yau ba a gama da ita ba, watau wa ya mallaki lambobin. Tycho Brahe ya yi shekara wajen ashirin yana auna taurari a tsibirinsa na ƙasar Denmak, da ya rasu a 1601 magadansa suka ɗauki littattafan awon a matsayin tarika, masanin falaki Kepler kuwa, wanda littattafan suke hannunsa, ya ƙi saki. Da wannan ja-in-ja da yaƙi da rashin kuɗi, jadawalin da ya fitar daga cikinsu bai ga ɗab'i ba sai a 1627. Rigimar Ingila ta fi wannan zafi. John Flamsteed, wanda sarki ya naɗa mai duban taurari na farko a Greenwich a 1675, da kuɗin aljihunsa ya yi wasu manyan kayan awonsa, saboda haka yana ganin ba wanda ya isa ya buga sakamakon sai shi ya gama tace shi. Newton kuma, wanda bukatar awon wata ta matsa masa don ya tabbatar da nazarinsa, yana ganin abin da aka yi a gidan sarki da albashin sarki haƙƙin jama'a ne. A 1712 Newton da masanin falaki Halley suka buga littafin ba da yardar mai shi ba, kwafi 400. Da zamani ya juya, Flamsteed ya sami 300 daga ciki ya cinna musu wuta, bugun da ya yarda da shi kuwa bai fito ba sai 1725, shekara shida bayan mutuwarsa. Kowannensu yana da hujja, ɗaya yana tsoron a yaɗa kure da sunansa, ɗaya yana tsoron a binne ilmi tare da mai shi.

Wanda ya mai da hisabin falaki aiki mai tsari, da ma'aikata da lada da mai duba aiki, shi ne Nevil Maskelyne, na biyar a kan kujerar da Flamsteed ya fara hawa. Matuƙan jiragen ruwa na lokacin suna iya sanin nisansu arewa ko kudu da tsayin rana, amma gabas da yamma sai ƙiyasi, ƙiyasin kuma ya halaka jirage masu yawa. Hanyar da Maskelyne ya tsaya a kai ita ce a mai da wata agogo: in matuƙi ya auna tazarar da ke tsakanin wata da rana ko wani sanannen tauraro, ya duba littafi ya ga ƙarfe nawa ne a Greenwich sa'ad da tazarar ta kai haka, to, bambancin wannan da lokacin inda yake shi ne zai nuna masa nisansa. Littafin shi ne taƙawimin masu jiragen ruwa, Nautical Almanac, wanda na farkonsa na shekarar 1767 ne, kuma a cikinsa ana ba da tazarar bayan kowace awa uku, an lissafa ta tun kafin shekarar ta kama.

Ba a tara masu lissafin a ofis guda ba. Kowa yana gidansa a garinsu, ana aiko masa da umarni da littattafan jadawali ta gidan waya, ana biyansa gwargwadon abin da ya kammala. Aikin kowane wata na shekara mutum biyu ake ba, waɗanda ba sa ganin takardun juna. Wasu babobin kowa ya lissafa su ɗungum, matsayin wata a sama kuwa ɗaya ya fitar da na tsakar rana, ɗaya na tsakar dare, sa'an nan dukansu su aika wa na uku, mai muƙabala, wanda zai jera lambobin ya duba ko tafiyar ta miƙe ko akwai inda ta yi tsalle. Malachy Hitchins, wani limamin coci a Cornwall, ya riƙe wannan aiki kusan shekara arba'in har ya rasu a 1809. A cikin masu lissafin akwai Mary Edwards ta garin Ludlow, wadda sunan mijinta ne ke cikin littafin biya alhali ita ke yin yawancin aikin, sai da ya rasu a 1784 gaskiya ta yi halinta, aka ci gaba da ba ta aikin da sunanta. Amma abin da ya fi cancanta a riƙe daga wannan zamani shi ne ƙissar mutum biyu da aka kama tun a shekarun farko suna kwafar lissafin juna, aka sallame su. Mai yiwuwa ne lambobin da suka kawo daidai suke. Laifinsu shi ne sun rushe hujjar, domin ittifaƙin mutum biyu ba ya tabbatar da kome matuƙar ɗaya daga ɗaya ya ɗauka. Daga nan Maskelyne ya riƙa lura da cewa waɗanda ya haɗa a kan aiki guda garuruwansu sun yi nisa da juna.

Haka aka yi ta tafiya da alƙalami har zuwa 1928, sa'ad da L. J. Comrie, mutumin Niyu Zilan da ke aiki a ofishin taƙawimin, ya ɗauko hayar injunan kati mai huji irin waɗanda kamfanoni ke lissafin kaya da su, ya ɗora musu jadawalin wata da E. W. Brown ya buga a 1919, suka fitar da matsayinsa har zuwa shekara ta 2000. Sauyin da ya fi wannan girma kuwa a usulubin aikin ya auku. Tun daga Baɗalimusa har Brown, mai hisabi ƙa'ida yake nema, wadda in ka zuba mata rana da sa'a za ta ba ka matsayi. Kwamfuta kuwa, da yake ba ta gajiya, ana iya gaya mata inda kowace duniya take yau, da saurin tafiyarta, da yadda suke fizgar juna bisa dokar Newton, ta matsa da su gaba kaɗan, ta sake lissafi, ta kuma matsawa, har ta cinye ƙarnuka. Da haka Eckert da Brouwer da Clemence suka buga a 1951 matsayin duniyoyi biyar na nesa daga 1653 zuwa 2060, kuma wannan tafarki cibiyar JPL ta hukumar NASA da ke Kalifoniya ta ɗauka ta yi jerin jadawalinta masu laƙabin DE, waɗanda take daidaitawa da awon na'urar rada, da saƙonnin kumbunan da aka aika, da hasken lesa da ake harba wa maduban da 'yan sama-jannati suka fara ajiyewa a kan wata a 1969. Daga 1984 babban taƙawimin Ingila da Amurka ya koma kan DE200, a 2020 kuma aka fitar da DE440. Faransawa ba su yar da tsohon tafarki ba: Bretagnon da Francou suka fitar da VSOP87 a Faris, sa'an nan Jean Meeus, ɗan Beljiyam, ya taƙaita ta cikin littafinsa na 1991, wanda ya zama wa masu sha'awar falaki abin da Ahalari yake ga almajiri.

Ƙissar taurarin ɗan'adam ta cancanci a tsaya a kanta. Tun da Tarayyar Soviet ta harba Sputnik a 1957 rundunar Amurka take bin sawun abin da ke kewaya duniya, daga baya ta riƙa fitar da bayanin kowanne cikin layi biyu na lambobi, kowane layi harafi 69. Layukan nan ba su da fa'ida sai an karanta su da ainihin hisabin da aka yi su da shi, wanda ake kira SGP4. In ka zuba su a wani hisabi, ko da ya fi wancan inganci, sakamakon sai ya fi muni. A 1980 Hoots da Roehrich suka buga rahoton da ya ƙunshi ƙa'idojin tare da mataninsu cikin harshen Fortran, kowa ya kwafa. Sai dai rundunar ta ci gaba da gyara nata ba ta shelanta gyaran ba, su kuma na waje kowa ya gano ɓaraka ya toshe ta yadda ya ga dama, wani ya juya matanin zuwa wani harshe ya shigar da sabon kure, har aka wayi gari riwayoyi barkatai duk suna amsa suna ɗaya suna ba da amsa dabam-dabam, musamman ga taurarin da ke can nesa. A 2006 Vallado da Crawford da Hujsak da Kelso suka yi aikin da malaman tahaƙiƙi ke yi wa tsohon littafi, suka tattaro riwayoyin da suka samu, suka gwama su, suka fitar da matani guda. Kuma abin da ya fi kome muhimmanci, suka haɗa masa misalan gwaji tare da amsoshinsu, don duk wanda ya sake rubuta shi ya san ko ya kauce. Galibin buɗaɗɗun manhajojin da ke gaya wa mutum yaushe tashar sararin samaniya za ta gifta ta saman garinsu, wannan matani na 2006 suke bi.

Kafin a zo ga taskokin da mutane suka fi sani, akwai na ƙarƙashi waɗanda ba kasafai ake ganinsu ba. Sanin inda Mirrihi yake bai isa ba sai an san inda mai kallo yake, shi kuwa yana kan duniyar da take juyawa, juyawar ba ta daidaita ba, ƙudubinta kuma yana tangaɗi, babban zagayensa yana cin kusan shekara 26,000. Lokaci ma kansa iri-iri ne, na agogon atam dabam, na juyawar duniya dabam, har tun 1972 an cusa sakan 27 don a daidaita su. Ƙungiyar masana falaki ta duniya ta ga cewa in kowa zai fassara ƙudurorinta da kansa saɓani ba zai ƙare ba, sai ta kafa SOFA, taskar da ta fara fita cikin Fortran a 2001, cikin harshen C a 2009, ƙarƙashin jagorancin Patrick Wallace. Matanin a buɗe yake, amma da sharaɗi: wanda ya taɓa shi wajibi ne ya sauya sunayen da ke ciki, kada a jingina wa ƙungiyar abin da ba ta faɗa ba, hujjar Flamsteed ke nan ta dawo. Masu rarraba manhaja kyauta suka ce sharaɗin ya saɓa wa ƙa'idarsu. Amma wannan karon ba a ƙone kome ba, a 2013 aka yi sulhu, da izinin masu SOFA aka kwafe ta da sabon suna, ERFA, da lasisi mai sauƙi, duk gyaran da aka yi wa asalin ana bin sawunsa a kwafin. A Amurka akwai NOVAS ta ɗakin duban taurari na sojojin ruwa, mai irin wannan aiki, da SPICE ta JPL, wadda Charles Acton ya assasa a shekarun 1980 don a san inda kumbo yake da inda kyamararsa ta fuskanta a kowane lokaci. SPICE tsohuwa ce, ko fassararta ta C na'ura ce ta juyo ta daga Fortran, karanta ta sai mai haƙuri, amma mai aiki da hotunan Mirrihi ko Zuhalu da wuya ya sami hanyar da ba ta bi ta kanta ba.

A kan waɗannan aka ɗora na sama. Brandon Rhodes ya fitar da PyEphem a 1998 bisa hisabin XEphem na Elwood Downey, wanda ya dogara da VSOP87; ƙarama ce mai sauri, ba ta bukatar a sauko mata da babban fayil, kurenta ga duniyoyi yana wajen sakan ɗaya na kusurwa, alhali faɗin wata kansa kimanin sakan 1,800 ne. Daga baya shi da kansa ya rubuta Skyfield, mai karanta jadawalin JPL kai tsaye, ya yi ta gwada ta da NOVAS har saɓaninsu ya gaza kashi ɗaya cikin dubu na sakan, ya kuma shawarci masu sabon aiki su koma kanta. Astropy kuwa aba ce dabam: a 2011 masana falaki da suka gaji da kowa yana saƙa tasa suka haɗu a kan taska guda, wadda ta tattara lokaci da matsayi da karanta fayilolin hotuna da ma'aunai. Babin ma'aunan nan, wanda yake ɗaura wa kowace lamba ma'auninta, ya juya mil zuwa mita da kansa, ya kuma ƙi tara tsawo da lokaci, wasu suna ganinsa takura ce; amma a 1999 NASA ta rasa kumbonta Mars Climate Orbiter saboda wata manhaja ta ba da adadi da ma'aunin Ingilishi, wata ta karɓe shi a matsayin na mita. A ganina mai neman fitowar wata ko giftawar tauraron ɗan'adam Skyfield ta ishe shi, ta kuma fi sauƙin koyo, mai aiki da madubin hangen nesa da kundin taurari miliyoyi kuwa Astropy ce gidansa. Tambayar wacce ta fi daidai sau da yawa ba ta da muhalli. Dubi lokutan salla a wayar hannu: da yawa daga manhajojin nan ƙa'idojin Meeus ko makamantansu suke bi, waɗanda kurensu bai kai ya motsa lokaci da minti ɗaya ba a ƙasashenmu; in ka ga waya biyu a Kano ko Damagaram sun saɓa da minti shida ko bakwai a kan asuba, galibi ɗaya ta ɗauki alfijir a daraja 18 ƙarƙashin ufuƙi, ɗaya ta bi hukumar Masar ta ɗauki 19.5, wannan kuwa mas'alar malaman fiƙihu ce.

Masu tuƙa kumbo bukatarsu ta wuce nan, domin sai sun lissafa jan iskar sama, da turin hasken rana, da rashin daidaiton jikin duniya, da man da za a ƙona. Orekit wani kamfanin Faransa ne, CS, ya fara ta a 2002 cikin harshen Java, ya buɗe ta ga kowa a 2008. GMAT kuwa cibiyar Goddard ta NASA ce ta yi ta, ta kuma tuƙa kumbuna na gaske da ita. Dukansu biyu akwai ma'aikata masu albashi a bayansu. Ita kuwa poliastro, wadda wani ɗalibi a Sifen ya fara a 2013, ta fi su daɗin hannu, amma a 2023 aka rufe kundinta, sai wasu suka ɗauki matanin suka ci gaba da wani suna. Saboda haka mai gwama taskoki, kafin ya auna sauri, ya kamata ya tambayi mutum nawa ke riƙe da ita, wa kuma yake ciyar da su. Ɗaya daga cikin waɗanda suka daɗe suna tsaye, Swiss Ephemeris, wadda ta fito a 1997, wani kamfanin masu duban buruji ne a Siwizalan ya yi ta, yana matse jadawalin JPL don amfanin masu tanjimi. Wannan ba baƙon abu ba ne, domin sarakunan da suka ciyar da masu ziji da yawansu sa'ar yaƙi da ta naɗin sarauta suke nema.

In aka bi isnadin kowace sai a ga hanyoyin sun tsuke. Astropy daga ERFA ta ɗauka, ERFA daga SOFA; Skyfield da NOVAS aka daidaita ta; hisabin taurarin ɗan'adam yana komawa ga matanin 2006; bayanin juyawar duniya daga hukumar IERS kusan kowa yake sauko da shi; matsayin duniyoyi kuwa galibi fayil ɗin JPL ne ake karantawa, alhali manhajar da JPL take haɗa fayil ɗin da ita ba ta cikin abin da ake rabawa. Idan taskoki biyar suka ba da amsa ɗaya, abin da ya tabbata shi ne sun kwafa da kyau, wannan kuma ba ƙaramin abu ba ne. Amma malaman hadisi sun daɗe da sanin cewa hanyoyin da suka haɗu a kan maruwaici guda, kome yawansu, ba sa kai labari matsayin tawaturi. Shaidun da suka fi kusa da 'yancin kansu kaɗan ne: SOFA da NOVAS, waɗanda aka rubuta dabam-dabam bisa ƙudurori iri ɗaya, sa'an nan jadawali uku, DE na Amurka, INPOP na Faris wanda ya fara fita a 2006, da EPM na wata cibiya a birnin Saint Petersburg ta Rasha, kowanne da manhajarsa, ko da yake mafi yawan awon da suke dogara da shi tarayya suke yi a kansa. A kan Mirrihi, wanda kumbuna suka daɗe suna kewayawa, saɓanin ukun nan a zamaninmu bai kai kilomita ɗaya ba. A kan Yuranus da Neftun kuwa, waɗanda kumbo ɗaya ne tak, Voyager 2, ya taɓa giftawa ta kusa da su a 1986 da 1989, saɓanin yana kai ɗaruruwan kilomita ko fiye, kuma sabon awo ne kaɗai zai rage shi, shi kuwa sai an jira, domin Neftun tun da aka gano shi a 1846 zagaye ɗaya kacal ya kammala, a 2011.